Jatau Mai Kwantar

Ni ce Tsahara mai fura, ta Garin Malam,
gida na uku in ka wuce injin niƙa.
Na san Jatau tun ba a ce masa ranka ya daɗe,
tun yana Jatau mai kwantar:
baƙin keke, jakar fata ta majemar Birni,
da sufana wadda ta fi gaisuwarsa tsawo.

Shekara goma sha tara yana durƙuso a ƙofar gidaje,
ya share ƙasa da yatsa, ya kwafi lamba.
Ya san inda aka yi baƙi, ya san inda aka haihu,
allurar nan ba ta iya rufa asiri ba.
Ya san gidan da iska kaɗai ke bin bututu,
tana juya lamba,
a rubuta wa mutum bashin ruwan da bai sha ba.

Ni ma ya yanke mini.
Bazara ce, duwatsu suna huci kamar tanda,
kwanana tara cikin takaba.
Jikka huɗu da dala sittin.
Bai dube ni ba. Ya murɗa, ya ɗaure, ya hau keke.
Bayan lisha na ji motsi a zaure:
jarka biyu, cike, ba sallama.
Na sha, na dama gero da shi,
amma ban yafe ba.

Da aka ce ya tsaya takarar majalisar jiha
sai da dariya ta sa na zubar da nono.
Kura ce za ta yi wa akuya lauya?
Ya zo unguwa ba makaɗi, ba buhun shinkafa,
sai tsofaffin littattafai da tsatsa ta ci wa baki.
Ya ce, ga sunan duk wanda na yanke wa,
dubu biyu da ɗari shida da wani abu.
Ban zo neman gafara ba,
na dai san inda bututun ya fashe.

Yanzu a rediyo nake jin sa,
Faransancinsa na ɗingishi, sai ya koma Hausa.
Yana cewa kada a sayar wa kowa iska.
Kada sufana ta taɓa gidan jego ko gidan makoki,
ko kowane gida, in rana ta kai tsakar bazara.
A kafa famfo a Kara-Kara,
a kuma sa wa jarka kuɗin da ba ya tashi da zafi.
Akwai batun rijiya a kowace lakwal,
wannan, an ce, sai Yamai ta sa hannu.
Wani mai babbar riga ya ce masa, malam, nan ba kanti ba ne.
Ya ce, na sani, a kanti ana auna abin da aka sayar.

Ɗaya ta wuce, ta gidan makoki.
Sauran suna kwance cikin kwali
kamar gero a rumbun wanda ya tafi ci-rani.

Ran Alhamis ya tsaya a rumfata,
mota ta gwamnati, takalmi na da.
Na dama masa, na karɓi kuɗina cif, ban yi gyara ba.
Ya ce, Tsahara, kin zaɓe ni kuwa?
Na ce, ƙuri'a ba kwantar ba ce da za ka leƙa.

Har yau ƙarfe uku na dare nake tashi
in kara kunne a bakin famfo.
Wani dare tari yake yi, wani dare shiru.
Jiya ya ɗiga.
Na tara ƙwarya,
na zauna ina ƙirgawa da kaina.